Gyaran tsohuwar tashar fasinjojin jirgin sama: da sola za mu fara ko da cila?

Sabon_Injiniya

Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja maganar saboda in ban faɗi yadda wurin yake ba amsar ba za ta yi min amfani ba.

Shekarata biyu da fara aiki, lantarki na karanta. Kamfaninmu ya samu shiga aikin gyaran wata tsohuwar tashar fasinjoji a filin jirgin sama, gyara ne ba sabon gini ba, kuma ba za a rufe ta ba, jirage na tashi suna sauka mu kuma muna aiki. An saka ni cikin waɗanda za su rubuta yadda za a rage shan wuta. Ginin dogon zaure ne rufinsa can sama, bangon da ke kallon inda jirage ke fakin gilashi ne tun daga ƙasa har sama, falle ɗaya, kuma yamma yake kallo. Satin da ya wuce na je wajen ƙarfe 4 na yamma na tsaya a jikin gilashin, wallahi layin kujerun farko babu ko mutum ɗaya, kowa ya gudu tsakiya an cunkushe wasu ma a tsaye da jakunkunansu, na kai hannu na taɓa ƙarfen kujerar sai da na janye. Amma da na shiga can ciki wajen ofisoshi sai na tarar da ma'aikata sanye da rigar sanyi, a gini ɗaya fa, a lokaci ɗaya.

A ɗakin injina cila uku ne, wato manyan injinan da ke sanyaya ruwan da ake zagayawa da shi a sanyaya ginin, duka ukun suna aiki dare da rana. Fitilun zauren irin manyan nan ne na da masu ɗaukar mintuna kafin su kama sosai, kuma ba a kashe su ko da tsakar rana. Mita ɗaya ce tak ga ginin gaba ɗaya, in ka tambayi nawa sanyi ke ci nawa fitilu ke ci ba wanda zai iya faɗa maka.

Ogana abu biyu ya tsaya a kai, a shimfiɗa sola a rufin a cika shi, sannan a cire cilolin nan a kawo waɗanda suka fi su girma tunda fasinjoji na kukan zafi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba amma ban san yadda zan kare maganata ba, kuma kun san ƙaramin ma'aikaci ba ya cewa oga a'a da baki kawai. Toh da me ya kamata a fara? Kuma akwai inda aka taɓa yin irin wannan gyaran ya yi kyau da zan iya kawo misali?

Tsohon_Makaniki

Wa alaikumus salam ɗana. Zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. Na yi shekaru ina aikin sanyaya manyan gine-gine, kuma abin da oganka ya faɗa shi ne abin da kowa ke fara faɗa, don cila da sola su ne abin da ido ke gani. Amma su biyun nan su ne na ƙarshe a layi.

Ka fara da mita. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na shawara, ka samo mitocin nan na wucin gadi masu maƙalewa a jikin waya, ka ɗaura a kan cila, famfuna, fankokin tura iska, fitilu, bel ɗin kaya, shaguna, kowanne daban, ka bar su aƙalla sati biyu zuwa huɗu suna rubutawa. Sai ka ɗauko jadawalin tashin jirage ka ajiye gefe da gefe. Tashar jirgi ba kamar ofis ba ce, mutane zuwa suke kamar igiyar ruwa, awa biyu zaure ya cika maƙil, awa uku kuma sai masu shara. Idan ka ga layin shan wutar a miƙe yake ɗoɗar, na ƙarfe 3 na dare kusan ɗaya da na ƙarfe 3 na rana, toh ka riga ka samu hujjar da za ka kai wa oga, ba sai ka yi gardama ba, takardar ce za ta yi magana.

Yanzu gilashin nan naka. Bari mu yi lissafi a tsaye. Rana in ta karkata yamma tana iya zuba wat 600 ko fiye a kan kowace murabba'in mita ta bango. Gilashi falle ɗaya mara launi yana barin wajen kashi 80 cikin 100 na wannan zafin ya wuce ciki. Ka ɗauki murabba'in mita 100 kawai, kilowat 48 ke nan. Mutum ɗaya a zaune ko yana ɗan zirga-zirga zafin jikinsa bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. Ke nan wannan ɗan yankin gilashin daidai yake da ka shigo da ƙarin fasinja wajen 400 ka zaunar da su a wurin. Kai ka san faɗin naka, ka ninka ka gani. Kuma abin da ya kori mutane daga layin farko ba zafin iska ba ne kaɗai, hasken ne ke dukan jikinsu kai tsaye, ko ka saukar da iskar zuwa digiri 18 wanda rana ke gasa wa wuya zai tashi daga kujerar. Shi ya sa ƙarin cila ba zai mayar da su wurin ba, sai dai na cikin ofis su ƙara riga ta biyu.

Sannan babbar cila tana da nata ciwon. Injin da ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi tashi yake yana mutuwa, yana tashi yana mutuwa, kwampreso na gajiya, kuma ba ya samun lokacin matse laima daga iska, sai ka ji wuri da sanyi amma jiki na danƙo. Ana auna girman cila ne bayan an gama rage zafin da ke shigowa, inuwa, gilashi, rufi, fitilu, ƙofofi. Sau da yawa in an gama wannan sai a ga ƙanana ma ake buƙata, ko biyu su wadatar ta uku ta huta.

Abin da ya fi saurin biyan kansa a irin ginin nan shi ne na'urar rage gudun moto, wadda muke ce wa VFD, a kan fankoki da famfuna. Ka san dokar tunda lantarki ka karanta, wutar da fanka ke ci tana tafiya ne da gudunta sau uku a ninke. Ka rage gudu zuwa kashi 80, wato 0.8 sau 0.8 sau 0.8, ka samu 0.51, kusan rabin wutar ta tafi ke nan alhali iska kashi 20 kawai ka rage. Tsofaffin gine-gine fanka na gudu ne gaba ɗaya sai a toshe bakin bututu da marfi don rage iska, kamar mutum ya take totur sannan ya take birki. Ka haɗa wannan da sensa mai auna iskar da mutane ke fitarwa, a waje tana wajen 420 a cikin miliyan, in zaure ya cika ta doshi 1000 sai a ƙara shigo da iskar waje, in ya watse a rage. Iskar waje ita ce mafi tsadar sanyayawa musamman inda akwai laima, ba dalilin da za a riƙa jawo ta mutum 2000 da tsakar dare alhali mutum 30 ne a ciki.

Ka kuma duba ruwan cilar, zafinsa lokacin fita da lokacin dawowa. An saba tsara shi ya fita a digiri 6 ko 7 ya dawo a 12. In ka ga ya fita a 7 ya dawo a 9 toh famfuna na wahalar banza ne, ruwa na zagayawa bai ɗauko zafi ba, ko bawul, wato makunnan da ke buɗe wa ruwa hanya, sun maƙale a buɗe, ko kwayil, wato naɗaɗɗen bututun da iska ke bi ta kansa ta yi sanyi, ta toshe da datti, kuma wannan kaɗai yana iya tilasta a kunna cila ta uku ba don ana buƙatar sanyinta ba. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa a wurinku ke nan, amma ka auna tukuna.

Misali kuwa akwai. Tasha ta 2 a filin jirgin San Faransisko a Amurka ginin 1954 ce, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2011, ita ce tashar jirgi ta farko a Amurka da ta samu shaidar LEED ta zinariya, wadda ake ba gine-gine masu tattalin wuta da kula da muhalli. Ɗaya daga abin da suka yi shi ne sauya yadda iska ke shiga, maimakon a harbo ta daga sama ta gauraya da zafin da ya taru a can, sai a sako ta a hankali daga ƙasa-ƙasa kusa da mutane, zafi kuma ya tashi sama abinsa. A Bankok, filin Subarnabumi da aka buɗe a 2006 sun ƙara da binne bututun ruwan sanyi a cikin daɓen ƙasa. Tunanin ɗaya ne, mutum bai kai mita 2 ba, me ya sa za ka sanyaya mita 15?

Matafiyiya

Ni ba injiniya ba ce, aikina ne ke sa ni yawan hawa jirgi, amma dan Allah ku masu gyaran nan in za ku rage wuta kada ku rage ta a kanmu. Na taɓa kwana a wata tasha jirginmu ya makara, wajen ƙarfe 1 na dare sai aka ji iska ta tsaya cak, wai kwamfuta ta ga babu jirgi a jadawali, mu kuwa mun fi ɗari a zaune har da tsofaffi da wata mai jariri tana ta yi masa fifita da takardar shiga jirgi. Ba wanda ya san inda ake kunnawa. Baba Makaniki ka kawo maganar jadawali, toh jadawalin ai ba ya cika alkawari kullum.

Tsohon_Makaniki

Gaskiyarki 'yata, kuma kuskuren masu tsarawa ne ba na na'urar ba. Jadawali na share fage ne kawai, hukunci na ƙarshe na sensa ne da ke ganin akwai mutane ko babu, kuma dole a bar maɓalli a hannun mai kula da zauren da zai kunna na awa biyu ya koma da kansa. Ɗana ka rubuta wannan a cikin sharuɗɗan kwangila tun yanzu.

Mai_Dutin_Dare

Salam. Injiniya sannu da ƙoƙari. Ni ban yi zurfin karatu irin naku ba, ni ne dai wanda ake bar wa ginin in kun gama kun yanke kirtani kun tafi, shekara goma sha ina dutin dare a ɗakin injina na wata tasha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in faɗa maka abin da ba za ka gani a taswira ba.

An yi mana gyara irin wanda Baba ya lissafa, VFD a kowace fanka, sensa a ko'ina, kwamfutar kula da gini mai allo babba. Wata shida komai lafiya. Sai wata sensa ta fara ƙarya, an manna ta ne a jikin ginshiƙin da rana ke bugawa da yamma, tana cewa zaure digiri 31 alhali mutane na rawar ɗari. Aka kira ɗan kwangilar, wa'adinsa ya ƙare, kuma lambar sirrin shiga kwamfutar tana hannunsa, mu kallo kawai aka ba mu. Fasinjoji na ƙorafi, manya na kiran waya, me za mu yi? Muka bi VFD ɗin ɗaya bayan ɗaya muka murɗa su zuwa na hannu, gudu gaba ɗaya. Har yau da nake maka rubutun nan wasunsu a haka suke, akwatin na nan a bango fitilarsa na ci, duk wanda ya zo duba aiki zai ga akwai VFD ya rubuta akwai, amma ba abin da take ragewa. Abin na damuna wallahi, don na san an kashe dukiya kuma na san wuta na tafiya a banza a hannuna.

Saboda haka in kana da ta cewa, ka nemi abu uku. A koya mana aikin da gaske ba a tara mu awa ɗaya a ɗauki hoto ba. A ba mu lambar sirri da takardun. Sannan ɗan kwangila ya dawo ya daidaita na'urorin bayan an shiga ginin, lokacin zafi sau ɗaya lokacin sanyi sau ɗaya, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya yi.

Sai maganar ƙofofi, ban ji kowa ya taɓo ta ba. Je ka tsaya a ƙofar shiga da safe lokacin cunkoso ka riƙe falle ɗaya na tishu a gefen ƙofar, ƙasa-ƙasa, ka ga yadda zai miƙe yana kallon waje, sanyin da kuka sha wahalar yi ne ke malalewa ta ƙasa kamar ruwa, in ka ɗaga shi sama kuma ka ga yana shigowa ciki da zafi. Ƙofar nan mai buɗe kanta ba ta samun sukunin rufewa don masu tura amalanken kaya na bin juna, wani lokacin ma in ta fara ciwo sai a sa mata katako a bar ta a buɗe sati guda. Maganinta a yi ƙofa biyu da ɗan soro a tsakani mai tsawon da ta farko za ta rufe kafin ta biyu ta buɗe, kuma kada su kalli juna ɗoɗar. Haka ramukan da bel ɗin kaya ke fita waje, labulen robarsu ya yayyage ba mai kula, haka bakin gadar da ake bi a shiga jirgi. Ka zagaya da dare ka ƙirga su, za ka sha mamaki.

Bel ɗin kaya da matakalar nan mai tafiya su ma haka, jaka ta ƙarshe ta wuce tun ƙarfe 11 amma bel na ta juyi har asuba. Ƴar sensa ce kawai da agogo, in babu jaka na ɗan lokaci ya tsaya, in ta zo ya tashi.

Hajiya_Mai_Zane

Sannunku. Ni mai zanen gini ce, zan yi magana a kan gilashin da rufin tunda nan ne ɓangarena, kuma akwai inda zan ɗan saɓa wa Baba da girmamawa.

Ƙanena, zafin rana a waje ake tare shi. In ya riga ya ratsa gilashi ya shigo, labule ko wani abin rufe taga na ciki kaɗan za su rage, sauran zafin su ɗauka su raba wa ɗaki. Kuma tunda yamma bangonku ke kallo, rumfa ta kwance a saman gilashi ba za ta yi ba, ranar yamma ƙasa-ƙasa take zuwa ta shige ta ƙarƙashinta, sai dai faifayen tsaye ko raga ta ƙarfe a waje. Amma fa a tashar jirgi ba ka da 'yancin rufe wannan bangon yadda ka ga dama, fasinja na son ganin jirginsa, ma'aikatan ƙofa na son ganin filin fakin, kuma duk abin da ka maƙala a waje dole ya jure iskar injin jirgi, ƙusa ɗaya ta faɗo filin aka zuƙe ta cikin injin babbar magana ce. Abin da muka saba yi shi ne a bar mita 2 zuwa 3 na ƙasa a buɗe da gilashi mai falle biyu mai shafin tare zafi, wanda mai kyau yake barin kashi 25 zuwa 30 kawai ya wuce, daga nan zuwa sama kuma a yi inuwa sosai. Sai dai ka tuna falle biyu ya fi ɗaya nauyi, tsohon firam ɗin ba lallai ya ɗauka ba, sai injiniyan ƙarfe ya duba. Ledar nan da ake mannawa a gilashi tana taimakawa a matsayin na wucin gadi, amma kada a sayar maka da ita a matsayin gyara na shekara ashirin.

Haske kuma kada ku kashe shi gaba ɗaya don gudun zafi, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago, ku wayi gari kuna kunna fitila da rana tsaka. Tasha ta 3 a filin Cangi na Singafo da aka buɗe a 2008 tagogi 919 gare ta a rufi, kowanne da faifayen da ke karkatar da hasken ya shigo ba tare da rana ta doki mutum ba. Ba na ce ku kwaikwayi wannan ba, tsohon rufi ba ya son a yi ta huda shi, amma in kun sauya fitilu zuwa LED ku raba layukan, na kusa da gilashi daban da sensar haske, su dushe da kansu da rana. A filin Sikifol na Amsterdam, lokacin gyaran zauren jira na 2, sun yi yarjejeniya da Philips a 2015 cewa fitilun na kamfanin ne, filin jirgin haske kawai yake saye, in ta mutu su gyara. Dabarar ta burge ni don ta sa mai fitilar shi ma yana son ta daɗe. Kuma duk wat ɗin da ka cire daga fitila ka cire wa cila aiki, riba biyu.

Inda na saɓa wa Baba shi ne maganar bututun sanyi a cikin daɓe. A sabon gini madalla. A gyara kuwa sai ka fasa daɓen zauren da mutane ke tafiya a kai kullum, kuma in ƙofofin nan da ɗan'uwanmu mai dutin dare ya bayyana suna shigo da iska mai laima, daɓe mai sanyi zai yi gumi, ka ga tayil ya jiƙe mutane na santsi da jakunkuna. Ni dai ba zan sa shi a shawarar farko ba. Akwatunan sako iska daga ƙasa a jikin ginshiƙai sun fi sauƙin shigarwa yanki-yanki.

Kuma tun yanzu ku zauna ku tsara yadda za a yi aikin tasha na aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. A Fotland ta Amurka da suka gyara babbar tasharsu suka buɗe a 2024, rufin katakon a can gefen filin suka harhaɗa shi, aka riƙa jawo shi gunduwa-gunduwa da dare ana ɗorawa. In ginin naku ya tsufa sosai a gwada silin da naɗin bututu ko akwai asbesto, wato tsohon kayan ginin nan da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin kowa ya sa guduma.

Dan_Sola

Na ga kamar an taru an mayar da sola saniyar ware, toh bari in kare sana'ata kaɗan, amma ba zan ce oga ya yi daidai ba.

Sola a filin jirgi ba mafarki ba ne. Filin Kocin a jihar Kerala ta Indiya tun 2015 ya zama na farko a duniya da sola ke biyan duk wutar da yake sha, a lokacin megawat 12, fanel sama da 46,000. Amma ku lura, a ƙasa suka shimfiɗa su a fili mai eka 45, ba a kan rufin tasha ba, kuma da rana suna tura rarar wuta cikin layin gwamnati da dare su karɓo. Filin Joj a Afirka ta Kudu shi ma ya kafa tasa a 2016, ƙarama, kilowat 750. Filin jirgi ƙasa ce da shi mai yawa da ba a iya gini a kai, ga rumfar fakin motoci, duk sun fi tsohon rufi. Fanel ɗaya ya haura kilo 20, ga ƙarafa, ga iska da ke son ɗaga shi, in kuma rufin zai buƙaci sauyi nan da shekara biyar sai an kwance komai.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne ƙyalli. A 2012 a filin Mancesta na jihar Niu Hamsha a Amurka an sa fanel a saman ginin fakin motoci, da safe hasken ya riƙa kashe wa ma'aikatan hasumiya ido, sai da aka lulluɓe su da tamfol daga baya aka juya musu fuska. Don haka ba fanel ɗin da zai hau sai an yi lissafin ƙyalli ga hasumiya da matuƙa, kuma hukumar jiragen sama ta sa hannu.

Amfanin sola a wurinku shi ne lokacin da take bayarwa shi ne lokacin da cila ke jan wuta. Sai dai in ba a toshe yoyon ba ɗiban ruwa ne da kwando, fanel ɗin da za ka saya don ciyar da fitilar da ke ci da rana asara ne. A rage tukuna, a auna abin da ya saura, sannan a kira mu. Amma a bar mana hanyar waya da wuri a allon rarraba wuta tun a gyaran nan.

Sabon_Injiniya

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ƙaru. Baba jiya da dare na koma ɗakin injina na duba ma'aunin ruwan kamar yadda ka ce, yana fita a 7 yana dawowa a 9 da ɗigo kaɗan, kuma ma'aikacin da na tarar ya nuna min bawul biyu da aka ɗaure da waya a buɗe. Na yi gwajin tishun ma. Oga ya yarda a ɗaura mitocin na sati huɗu kafin a yi odar komai, sola kuma ya ce a duba rumfar motoci.

Saura tambaya ɗaya. A cikin aikin akwai saka wutar da jirgi zai riƙa ja daga gini in ya yi fakin, da na'urar hura masa sanyi ta babban tiyo. In na sa su a lissafi wutar tashar ƙaruwa take yi ba raguwa ba, ni kuma an ce in nuna ragi. Ya zan yi da wannan?

Tsohon_Makaniki

Kada ka cire su don lamba ta yi kyau ɗana. Jirgi in ya tsaya ba a ba shi wuta daga ƙasa ba, ƙaramin injin nan na wutsiyarsa yake kunnawa, APU, kuma ko matsakaicin jirgi yana ƙona man da ya haura kilo 100 a awa ɗaya da shi, ga ƙara ga hayaƙi a fuskar masu loda kaya. Wutar da za ku ba shi, bolt 115 mai bugu 400 a daƙiƙa, da sanyin tiyon, ba su kai kusa da wannan ba. Mitarku ce za ta hau, amma man da filin gaba ɗaya ke ƙonawa zai sauka.

Yadda za ka yi, ka ba su mitarsu daban a kowace ƙofa, ka raba rahoton gida biyu, na gini shi kaɗai wanda za a kwatanta da na kafin gyara, da na hidimar jirage wanda za a kwatanta da man da aka daina ƙonawa. Mitar ce kuma za ta ba filin damar cajin kamfanonin jirage abin da suka sha. Ka tabbata taransifoma za ta ɗauki lodin in ƙofofi da yawa suka cika lokaci ɗaya, kuma tiyon ya zama gajere mai naɗi, in ya yi tsawo yana kwance a kan kwalta mai zafi sanyin zai ƙare kafin ya isa jirgi, matuƙi ya sake kunna injinsa.

Bawul ɗin nan biyu kuma kada ka kwance wayar da kanka. Ka tambayi wanda ya ɗaure su me ya sa, akwai ɗakin da yake ƙoƙarin ceta, ka nemo ɗakin. In mitocin sun cika sati huɗu ka ɗora mana zanen a nan mu duba tare, musamman na tsakanin ƙarfe 1 zuwa 4 na dare.